Kebul na jone, intanet bai zo ba: bin sawun matsala tsakanin kwamfuta da rauta

Akwai wata matsala da ke yawan faruwa a gidajen da aka saka intanet. Wayoyin hannun mutanen gida duk suna kan Wi-Fi suna aiki lafiya, amma kwamfutar da aka jona ta kebul da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ta ƙi. Ko kuma ta yi aiki tun safe, a ɗauke wuta, a dawo da ita, shi ke nan ta tsaya cak. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. A kashe a kunna, a zare kebul a hura masa iska a mayar, a samo tsinke a soka a ramin da ke bayan rautar, in duk ba ta yi ba a ɗauki kwamfutar zuwa shago a ce a sake mata Windows. Biyun ƙarshen nan su ne suka fi damuna, domin sau da yawa suna lalata abin da lafiyarsa ƙalau, kuma su bar ainihin matsalar a inda take.

Kafin shafin intanet ya buɗe a allonka, sai abubuwa da dama sun daidaita, ɗaya a kan ɗaya. Sai kebul ya kama, wato na'urorin biyu sun ji juna ta wutar da ke bin wayoyin ciki. Sai kwamfuta ta sami adireshi daga rauta. Sai rautar kanta tana da hanyar fita zuwa kamfanin da ke sayar maka da intanet. Sai kuma an sami wanda zai mayar da sunan shafi zuwa lambar da na'urori ke ganewa. Kowane mataki yana dogara da na ƙasansa, saboda haka binciken da ya fara daga sama ɓata lokaci ne. Wanda yake canza saitin burauza alhali kan kebul ɗinsa a karye yake zai kwana yana yi. Kuma kowane mataki yana da alamar da ke nuna ya yi ko bai yi ba, alamar da mai gida zai iya dubawa da kansa ba tare da ya sayi komai ba.

A fara da fitila. Juya rautar ka dubi bayanta, ko ka dubi gabanta inda aka jera ƙananan fitilu masu lamba 1 zuwa 4. Haka ma a jikin kafar da kebul ke shiga a kwamfuta, galibi akwai fitila ɗaya ko biyu. Idan na'urorin biyu sun ji juna fitilar za ta kama, kuma ta riƙa ƙiftawa in bayanai na wucewa. Launin ya danganta da kamfanin da ya ƙera, don haka kada ka ɗora hukunci a kan kore ko ruwan lemo, abin lura shi ne ta kama ko ba ta kama ba. Idan ba ta kama ba, ka manta da adireshi da burauza da ragowar data. Matsalar tana cikin abu uku: kebul, kafar rauta, ko kafar kwamfuta. A Windows, in ka danna maɓallin Windows tare da R ka rubuta ncpa.cpl, za ka ga katin Ethernet, wato ɓangaren kwamfuta da ke karɓar kebul, da jan gicciye da rubutun “Network cable unplugged”, ko da kuwa kana ganin kebul ɗin a jone da idonka.

Raba ukun nan ba wuya. Mayar da kebul ɗin wata kafar a jikin rautar. In bai yi ba, kawo wani gajeren kebul da ka tabbatar yana aiki, ka ɗauko kwamfutar kusa da rautar ka jona. In har yanzu shiru, jona wata kwamfutar da wannan kebul ɗin. Sharaɗi ɗaya ne, abu guda ake canzawa a lokaci guda. Wanda ya sauya kebul da kafa ya kuma kashe rauta a tashi ɗaya, in abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, kuma ranar da ya dawo zai koma farko.

Kafin a wuce, a duba wace kafa aka jona. Rautoci da yawa suna da kafa ɗaya mai launi daban da aka rubuta wa WAN ko Internet, sauran kuma LAN. Ta WAN hanyar shigowar intanet ce daga waje. Kwamfutar da aka jona a nan fitilarta za ta iya kamawa, amma ba za ta sami adireshi ba. Ana yawan yin wannan kuskure bayan an yi shara ko an matsar da kaya, an zare komai an mayar.

Kebul shi ne inda ya kamata a daɗe, domin a nan akasarin laifin yake, kuma shi ne aka fi raina wa hankali. In ka fere rigarsa za ka ga ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu, tagwaye huɗu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da abokinsa fari mai ratsin launinsa. Murɗewar nan ita ce sirrin aikin. Ana aika sigina ta wayoyi biyun tagwai ɗaya, ɗaya kishiyar ɗaya, duk hayaniyar lantarkin da ta faɗo daga waje za ta taɓa su daidai wa daida, mai karɓa ya cire ta. Shi ya sa ƙa'ida ta ce in za a saka kai kada a warware murɗin fiye da milimita 13. Tsarin Ethernet da kansa tsoho ne. Robert Metcalfe da David Boggs suka fara shi a cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya a 1973, amma nau'in da ke bin irin wannan murɗaɗɗen kebul ya zama ƙa'ida ne a 1990 da gudun megabit 10, a 1995 aka kai megabit 100, a 1999 aka kai gigabit ɗaya.

Tarihin nan yana da amfani a wajen gyara. Gudun megabit 100 tagwaye biyu kacal yake amfani da su, waɗanda ke kan fil na 1 da 2 da na 3 da 6. Gigabit kuwa sai duk takwas ɗin sun kama. Saboda haka in waya ɗaya ta tsinke a cikin shuɗi ko ruwan ƙasa, intanet ba zai ɗauke ba, na'urorin za su sasanta tsakaninsu su sauko megabit 100 ba tare da sun sanar da kowa ba. Mai gida ya biya kuɗin babban tsari, yana ganin gudun ya tsaya a casa'in da wani abu, sai ya kama zagin kamfani. Dubawar minti ɗaya ce: a wancan shafin na ncpa.cpl, danna katin Ethernet sau biyu ka karanta layin Speed. In rautarka da kwamfutarka duk masu gigabit ne amma ka ga 100.0 Mbps, kebul ne abin tuhuma na farko. In kuma ɗayansu tun asali mai megabit 100 ne, kamar yadda ƙananan rautoci masu araha da wasu adaftocin USB suke, to babu kebul ɗin da zai ƙara masa gudu. A tuna kuma megabit daban, megabayit daban. Bit takwas ne bayit ɗaya, don haka layin megabit 100 iyakarsa megabayit 12.5 a daƙiƙa, kuma wannan ƙaramar lambar ita burauza ke nunawa lokacin sauke fayil.

Yanzu ɗauki kan kebul ɗin, wanda ake kira RJ45, ka ɗaga shi wajen haske, filolin ƙarfen na fuskantarka, wayar na ƙasa. Robar garau take, ana ganin ciki. Ya kamata wayoyi takwas ɗin su kai har ƙurya, filolin su nutse daidai da juna babu wanda ya ɗago, rigar kebul ɗin kuma ta shiga cikin kan an matse ta, ba wayoyi tsirara suna reto a waje ba. Jerin da aka fi bi, mai suna T568B, daga hagu zuwa dama shi ne: fari mai ratsin lemo, lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Lura da yadda koren ya rabu ya sa shuɗi a tsakiya. A nan masu koyo ke faɗawa. Mutum zai ce ai in dai ya jera launuka iri ɗaya a kai biyun, ko wane jeri ne zai yi. Wuta za ta wuce kam, har ƙaramar na'urar gwajin kebul mai fitilu takwas za ta nuna komai daidai, domin ita iyakarta ta ga waya ta kai. Amma fil na 3 da na 6 sun faɗa kan tagwaye daban-daban, kariyar murɗin ta tafi. A mita biyu abin zai lallaɓa, a mita arba'in sai tsinkewa da jan ƙafa. Wannan laifi yana da wuyar kamawa, kuma maganinsa a yanke kan a sake matse sabo bisa jeri.

Sai ɗan maƙallin robar da ke cewa ƙas in an tura kai. Da zarar ya karye, kan yana zamewa da rabin milimita in an taɓa tebur, intanet ya riƙa zuwa yana tafiya. Kada a naɗe shi da salatif. Sabon kai kuɗinsa kaɗan ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai a harkar nan shi ne kebul ɗin da cikinsa alminiyon ne aka shafa masa jan ƙarfe a waje, wanda ake rubuta wa CCA a jikin kwali, in ma an rubuta. Alminiyon yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, kuma yana karyewa in an lanƙwasa shi sau da yawa. Ƙa'idojin ingancin kebul na Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla suka yarda da shi, don haka rubutun Cat6 a jikin irin wannan kebul ba ya nufin komai. Gane shi ba wuya: fere waya ɗaya, ka kankare ta da reza, in ka ga fari na ƙyalli a ƙarƙashin jan to shi ne. Kwalinsa na mita 305 ma ya fi na gaske rashin nauyi a hannu. Araha ba ta ado, musamman in za a binne kebul ɗin a bango ko a bi da shi ta cikin silin, inda sake shi sai an fasa gini. Mai aikin da ya karɓi kuɗin jan ƙarfe ya saka alminiyon ya ci amanar mai gida, domin laifin ba ya bayyana ranar da aka gama aiki, sai bayan watanni.

Tsawo ma yana da iyaka, mita 100 daga na'ura zuwa na'ura. Wanda zai kai intanet shagon da ke bakin titi ko sashen ɗan'uwansa a ƙarshen gida, in ya wuce haka sai ya sa ƙaramin suwic, wato akwatin da ke haɗa kebul da kebul, a tsakiya ko ya koma faiba, kebul ɗin da ke aika saƙo da haske. Haɗa kebul biyu ta hanyar murɗe wayoyi a naɗe da tef, kamar yadda ake yi wa wayar ƙwan lantarki, ba ya aiki a nan. Kebul ɗin cikin ɗaki da aka shimfiɗa a kan katanga rana za ta gasa rigarsa ta tsattsage, damina ta zo ruwa ya shiga. Ɓera na cin na cikin silin. Ƙofa na datse wanda aka bi da shi ta ƙarƙashinta. Wanda aka ɗaure shi jiki da jiki da wayar janareta na tsawon mitoci yana kwasar hayaniya. Abu ɗaya da aka huta da shi shi ne tsohon batun kebul mai giciye, wanda a da ake buƙata in za a haɗa kwamfuta da kwamfuta. Kafofin zamani suna gane jerin da kansu su daidaita.

To, a ce fitila ta kama. Mataki na gaba adireshi ne, kuma a nan ne baƙin allon nan da mutane ke tsoro yake da amfani. Danna Windows da R, rubuta cmd, sannan ka rubuta ipconfig. Nemi sashen Ethernet, ka karanta layi biyu: IPv4 Address da Default Gateway. Na farko adireshin kwamfutarka ne a cikin gida, na biyu adireshin rautar. A gidaje galibi za ka ga lambar da ta fara da 192.168, irin su 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, rautocin Huawei masu layin waya kuma sukan zo da 192.168.8.1. Waɗannan lambobi, tare da masu farawa da 10 da kuma na 172.16 zuwa 172.31, an keɓe su ne tun 1994 don amfanin cikin gida da ofis, ba sa yawo a intanet.

Rauta ce ke raba adireshin ta wani tsari mai suna DHCP. Kamar mai masauki ne da baƙo: baƙo ya yi sallama, mai masauki ya nuna masa ɗaki, ya ce ya karɓa, a rubuta sunansa na wani wa'adi, in wa'adin ya kusa cika ya sabunta. Idan kwamfuta ta yi sallama ba a amsa ba, sai ta ba kanta adireshin da ya fara da 169.254, ta bar layin Default Gateway fayau. Duk wanda ya riƙe wannan lamba ya rage wa kansa rabin wahala. Ma'anarta kebul ya kama amma rauta ba ta ba da adireshi ba. Windows kan rubuta “Unidentified network” a irin wannan hali.

Dalilan rashin amsar kaɗan ne. Wanda ya fi yawa a wurinmu shi ne dawowar wuta. Kwamfuta mai batir tana nan a kunne, ko mai saurin tashi ta riga rauta, wadda ke ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta gama shiri. Ta nema ba ta samu ba, ta haƙura da 169.254. Za ta sake nema da kanta bayan 'yan mintoci, amma in kana sauri rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ko ka zare kebul ka mayar. Sauran dalilan su ne kafar WAN da aka ambata, ko an kashe DHCP a cikin saitin rautar, ko kebul mai rauni wanda ya isa ya kunna fitila amma bai isa ya kai saƙo lafiya ba.

Akwai kuma adireshin da ya yi kyau a ido amma ba na gidan ba ne. Kwamfutocin hannu na biyu da aka sayo daga ofisoshi, ko waɗanda aka taɓa haɗawa da firinta ko na'urar kyamarorin tsaro, sukan zo da adireshin da aka rubuta musu da hannu. Rautarka tana 192.168.8.1, kwamfutar ta kafe a 192.168.1.50, ba za su taɓa haɗuwa ba. Kwatanta da wayar hannunka da ke kan Wi-Fi ɗin gidan: rukuni ukun farko na lambar ya kamata su zo ɗaya. In sun saɓa, shiga Properties na katin, ka buɗe Internet Protocol Version 4, ka mayar da zaɓin kan karɓar adireshi kai tsaye.

Rauta ta biyu ma tana kawo irin wannan rikici. Gida ya yi girma, sai a samo tsohuwar rauta a jona ta da ta farko don Wi-Fi ya kai bayan gida. In an haɗa su LAN da LAN ba a kashe DHCP na ta biyun ba, na'urori biyu ke raba adireshi a gida ɗaya. Wanda ya riga amsawa shi kwamfuta ke bi. Yau ta dace da ta gaske intanet ya yi, gobe ta faɗa hannun wadda ba ta da hanyar fita. In kuma adireshin rautocin biyu ya zo ɗaya, abin ya ƙara dagulewa. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ba gaira ba dalili a gida mai rauta biyu, a nan zan fara dubawa. Haka kuma in wani ya ga kebul na reto ya jona duka bakinsa biyu a jikin suwic ɗaya, saƙonni za su riƙa zagaye ba iyaka, fitilu duka su kama ƙiftawa a guje, gidan gaba ɗaya ya tsaya.

Idan adireshi ya yi daidai, sai gwajin ping, ƙaramar manhajar da Mike Muuss ya rubuta a 1983, wadda ke aika ɗan saƙo ta jira amsa. Rubuta ping da adireshin rautarka. Ta kebul mai lafiya amsa kan dawo cikin kusan milisakan ɗaya. In ka ƙara -t a ƙarshe zai ci gaba ba tsayawa har ka danna Ctrl da C, kuma a nan ne ake kama kebul mai ciwon ɓoye. Bar shi yana gudu, ka bi kebul ɗin da hannu kana motsa shi, ka girgiza kan a kafar kwamfuta, ka buɗe ƙofar da ya bi ta ƙarƙashinta ka rufe. Inda ka taɓa layin “Request timed out” ya fito, nan ne wurin.

In rauta ta amsa tsaf, tsakanin kwamfuta da rauta an gama, babu sauran zargin kebul. Sai ka rubuta ping 8.8.8.8, adireshin wata na'urar Google da ke waje. In ya amsa, hanyar fita a buɗe take. Sai ka gwada da suna, ping google.com. In lamba ta amsa suna ya ƙi, matsalar DNS ce, tsarin da ke mayar da suna lamba. Ana iya share ajiyarsa da ipconfig /flushdns, ko a saka 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a madadin na kamfani. Gwaji uku ke nan cikin minti biyu, kuma sun raba matsalar gida uku: cikin gida, hanyar fita, ko sunaye.

Wani lokaci duka ukun za su amsa amma burauza ta ƙi buɗe shafi. Nan laifin na cikin kwamfutar ne. A duba ko akwai VPN da aka saka aka manta, ko saitin proxy da ya rage daga tsohon wurin aiki, waɗanda duk ke karkatar da intanet ta wata na'ura a waje, ko manhajar kariya da ta toshe hanya. A duba agogo kuma. Tsofaffin kwamfutoci suna da ƙaramin batir mai kama da kwabo, CR2032, a kan allon cikinsu. In ya mutu kwanan wata na komawa shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, shafuka masu tsaro kuma su ƙi buɗewa saboda takardun shaidarsu ba su dace da ranar da kwamfutar ke gani ba. An sha sake Windows a kan batirin nan.

Direban katin, wato manhajar da Windows ke sarrafa katin da ita, shi ma yana da nasa. Bayan sabon Windows, in ka buɗe Device Manager ka ga alamar rawaya a kan katin, sai an sauko da direbansa ta wata na'urar an kawo a filas. In kuma intanet na ɗaukewa ne duk lokacin da kwamfuta ta yi barci ta farka, a cire alamar da ke ba Windows izinin kashe katin don tattalin wuta, a shafin Power Management. Saitin Speed & Duplex kuwa a bar shi a kan Auto Negotiation. Wanda ya tilasta wa gefe ɗaya gudu ya bar ɗayan yana laluben kansa, zai sami layin da ke jone amma yana tafiyar hawainiya.

Batun wuta ya cancanci a tsaya a kansa. Rautoci da yawa suna aiki ne da adafta mai bolt 12. In ta asali ta ƙone aka samo wata mai bolt ɗin daidai amma ƙarfinta bai kai ba, rautar za ta kunnu, amma da aiki ya yi yawa sai ta mutu ta sake tashi. Mai kwamfuta zai ga kebul ya cire kansa ya dawo. Karanta rubutun da ke ƙasan rautar ka kwatanta da na jikin adaftar, bolt ya zo ɗaya, amfiya kuma kada ta gaza. Tsawa kuma ba sai ta faɗo kan gida take ɓarna ba. Kafar Ethernet tana da kariyar da aka gwada a kan bolt 1,500, amma dogon kebul da ya ratsa tsakar gida a sararin sama yana iya kwaso abin da ya fi haka in an yi walƙiya a kusa. Shi ya sa bayan ruwan sama mai tsawa ake samun rauta lafiya, Wi-Fi lafiya, amma kafa ɗaya ta mutu. In ta rauta ce, koma wata kafar. In ta kwamfuta ce, adaftar USB zuwa Ethernet ta wadatar, ba sai an canza allon ciki ba. Kuma idan hadari ya haɗo, zare dogon kebul ɗin waje ya fi kowace kariya sauƙi.

Saura ramin nan na bayan rauta. Kashewa da kunnawa ba ya goge komai, kuma yana da kyau a yi shi: zare wuta, jira rabin minti, mayar, ba ta minti biyu. Danna tsinke a ramin Reset na wasu daƙiƙu kuwa yana mayar da rautar yadda ta fito daga kwali. Sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa sun tafi, kuma in layinka na PPPoE ne, wato mai buƙatar sunan shiga kafin ya kama, kamar yadda na faiba da yawa suke, sunan shiga da kalmar sirrin da kamfani ya saka su ma sun tafi. Mutumin da kwamfutarsa ɗaya ce ba ta aiki yanzu gidansa duka babu intanet, sai ya jira ma'aikaci. Ban ga dalilin taɓa ramin nan ba sai an gama duk gwajin da ke sama, an tabbatar laifin na saitin rautar ne, kuma bayanan shiga suna rubuce a takarda.

In rauta na amsa ping amma 8.8.8.8 shiru, kuma wayoyin hannu ma sun tsaya, matsalar ta bar ɗakinka. A rauta mai layin waya, duba ko data ta ƙare ko sabis ya faɗi, domin za ta ci gaba da raba adireshi ko babu ko kwabo a layin. A na faiba, dubi fitilar LOS. In ta yi ja, hasken da ke zuwa daga kamfani bai iso ba, ko siririn kebul ɗin ya lanƙwashe sosai a bayan kujera, ko an tsinke shi a waje wajen haƙar kwalbati ko aikin titi. Kada a leƙa bakinsa da ido, haskensa ba a ganinsa amma yana iya cutarwa. Wani lokaci ma abin ya wuce unguwa da ƙasa. A ranar 14 ga Maris 2024, kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a gaɓar Kwaddebuwa, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin, gyaran kuma ya ɗauki makonni.

Wanda ya bi matakan nan zai kira kamfani da magana a hannu. Maimakon “Ranka ya daɗe, intanet ɗina ba ya yi”, wadda amsarta kullum ita ce a kashe a kunna, zai ce kwamfutarsa ta sami adireshi, rauta na amsa ping, 8.8.8.8 ba ya amsawa, fitilar LOS ta yi ja tun ƙarfe huɗu. Ma'aikacin da ya ji haka ya san ba sabuwar rauta zai ɗauko ba, injin haɗa faiba zai ɗauko ya bi layin daga sandar da ke ƙofar gida.